Hannun Yaro a Tukunyar Taushe

Laccar da aka gabatar a taron iyaye da malamai na wata makarantar firamare a birnin Kano



Shugaban taro, shugabar makaranta, malamai, iyayena mata da na hango a sahun gaba, 'yan'uwana mata, da iyaye maza da suka daure suka zauna duk da sun ji zancen miya za a yi, barkanmu da warhaka. Maza kada ku tashi, akwai rabonku a gaba.

An nemi in yi magana a kan abinci mai gina jikin yara. Na roƙi a bar ni in taƙaita zancen a kan tukunya ɗaya, domin idan muka ce za mu zagaye abinci gaba ɗaya, sai mu tashi kai cike da sunayen sinadarai, a koma gida a ɗora abin da aka saba ɗorawa. Tukunyar da na zaɓa ita ce ta miyar taushe. Kowa a nan ya san ta, kayan haɗinta suna bakin layi, kuma ba na jin akwai wata miya tamu da ta tara abin da jikin yaro ke nema kamar ta. Abin da nake so mu tattauna shi ne wanda ke zaune kusa da uwa lokacin da ake haɗa ta. Ra'ayina shi ne yaron da aka bari ya sa hannu a aikin miya ya fi cin ta a kan wanda aka ce wa "fita ka ba ni wuri", sannan da magariba aka tsare shi da bulala a kan sai ya cinye.

Bari mu fara da halin da muke ciki. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma abin ya haura rabi. Binciken ya kuma nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 suna fama da ƙarancin jini. Alhali mu ne masu loda manyan motoci da tumatir a Kwanar Gafan da Kadawa a nufi Legas da su. Albasar Aliero tamu ce, ta Galmi ta maƙwabtanmu ce a jihar Tawa, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Kaba da sassafe ya san ba ganye muka rasa ba. Ban ce talauci ba shi da hannu ba. Yana da hannu dumu-dumu, haka ma gudawa da zazzaɓin cizon sauro da rashin ruwa mai tsabta. Amma ina ganin yara masu ƙarancin jini a gidajen da ake cefanen dubbai kullum, kuma wannan ba kuɗi ne zai gyara shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 yana bukatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, wato rubu'in kilo. Ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama giram 400 kamar babba. To mu dubi kwanon yaro a gidajenmu. Malmalar tuwo ce, a ɗan yarfa miya a kai, ita ma daga saman tukunya inda ruwa ya taru. Mai kaurin da tsokar nama sun tafi kwanon maigida. Yaro ya shafi romon da loma, ya ture ganyen gefen kwano, ya tashi. Cikinsa ya cika, uwa ta ce ya ci abinci. Washegari da ya ƙi miyar gaba ɗaya sai a dafa masa taliyar leda don a huta da kukansa.

Me ya sa yara ke ƙin ganye? Ba iskanci ba ne, kuma ba sangarta ce kaɗai ba. Daga wajen shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna ɗari-ɗari da duk abincin da ba su saba gani ba, musamman mai ɗaci ko tsami ko yauƙi. Haka Allah ya yi su, a ko'ina a duniya. Wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Leann Birch, ta shafe shekaru tana nazarin wannan tun wajen 1980, kuma abin da ita da waɗanda suka biyo bayanta suka gano shi ne yaro kan bukaci ya ɗanɗana sabon abu sau da yawa, wajen sau goma ko fiye, kafin bakinsa ya karɓa. Mu kuwa sau biyu ko uku muke gwadawa mu yanke hukunci: "Ai Abba ba ya cin alayyahu." Kuma a gabansa muke faɗa, har ya riƙe abin a matsayin halinsa. Sun kuma gano cewa matsi da tilas suna ƙara wa yaro ƙin abincin. Wannan ya kamata ya sa mu sake tunani a kan ɗura. Uwar da ta matse jariri a cinya ta toshe masa hanci tana zuba masa koko tana ganin ƙauna take yi, amma kokon na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma ko bai sauka ba, an koya wa yaron cewa lokacin cin abinci lokacin kokawa ne.

Akwai wani gwaji da aka yi a ƙasar Suwizalan aka wallafa a 2014, da yara 47 'yan shekara 6 zuwa 10. Aka bar wasunsu suka yi girki tare da iyayensu, sauran kuma iyayen suka girka su kaɗai suka kawo musu. Abinci iri ɗaya ne, amma waɗanda suka sa hannu sun fi cin kayan lambun nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake. Yaron da ya wanke ganye, ya yage shi, ya shinshina, ya ga yadda ya yi laushi a tukunya, ganyen ya daina zama baƙo a wurinsa tun kafin ya iso kwano. Ga kuma alfahari: miyarsa ce.

Malamaina da ke nan sun fi ni sanin hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim. Wani tela ya gayyaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cin abinci, Anas ya bi shi yana yaro mai yi masa hidima. Aka kawo romo da busasshen nama da wani dangin kabewa a ciki. Anas ya ga Annabi yana bin yankan kabewar a gefen akushi yana ci, kuma ya ba da labarin cewa tun daga ranar ya kamu da son ta. Ku lura, ba wanda ya ce wa Anas ya ci. Ido kawai ya sa ya ga abin da wanda yake ƙauna ke ci. An kuma ruwaito cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Uban da ke ture miya yana cewa "wannan ai ciyawa ce" a gaban 'ya'yansa ya gama ɓata aikin uwarsu na wata guda.

Yanzu mu shiga madafi. Ga gida mai mutum 6 zuwa 8, ga kwatankwacin cefanen: kabewa wajen kilo 1, mai jan ciki sosai, alayyahu ɗauri 2, yakuwa ƙaramin ɗauri 1, gyaɗa gwangwanin madara 1, tumatir 5, tattasai 3, albasa 2, attarugu 1 ko 2, daddawa, manja ludayi 1, sai ƙashin miya ko busasshen kifi gwargwadon hali. In babu nama ko kifi ma miyar za ta tsayu, gyaɗa da daddawa sun ɗauki nauyin da yawa. Ki zaɓi ranar da ba ki da sauri, Asabar ko Lahadi da hantsi. In gaya miki gaskiya, girki da yara ya fi girki ke kaɗai cin lokaci, kuma tsakar gida zai jiƙe. Wadda take neman mai rage mata aiki ba za ta samu a wurin ɗan shekara uku ba.

A shimfiɗa tabarma a inuwa, nesa da murhu. A nan duk aikin yara zai gudana. Kafin a taɓa komai, kowa ya wanke hannu da sabulu, har da ke, a gabansu, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na kamar daƙiƙa 20.

Ƙaramin cikinsu, mai shekara 2 ko 3, a ba shi ganye da roba mai ruwa kaɗan. Na ce kaɗan, kuma kada a bar shi shi kaɗai da ruwa ko na ƙiftawar ido. Zai dulmiya alayyahu ya ɗago, ya dulmiya ya ɗago, ya jiƙa rigarsa, ya ga ƙasa tana kwanciya a gindin robar. Ki nuna masa ƙasar, ki ce masa ita muke cirewa. Bayan ya gama nasa, ke ki sake wankewa sau biyu ko uku da kanki, domin wani ganyen da ake kawowa cikin birni da ruwan Jakara da Getsi aka yi masa ban ruwa, mun kuma san abin da ke kwarara cikin waɗannan rafuka. Kada a bar yaro ya kai ɗanyen ganye baki. A wanke ganye tun yana ɗungurungum, sannan a yanka. Mata da yawa suna yankawa sannan su wanke, har su matse su zubar da koren ruwan, ba su san da amfanin suke zubarwa ba. Alayyahu ma ba dole sai an sa masa wuƙa ba. Yatsun yara suna yaga shi ƙanana daidai yadda ake so.

Kabewa ita ce wurin da yara suka fi jin daɗi. Ke za ki fasa ta ki fere ɓawon, wannan aikin babba ne domin ɓawonta na da tauri, wuƙa na zamewa. Amma da zarar an raba ta biyu, a miƙa wa 'yar shekara 4 ko 5 ta kwashe cikin. Ki kalli fuskarta lokacin da ta cusa hannu cikin wannan zare-zaren mai sanyi da santsi. Da farko za ta yamutsa fuska ta ce ƙazanta ne, ta zare hannu tana kallon yatsunta sun yi ruwan ɗorawa. Jim kaɗan za ta mayar, ta fara kamo 'ya'yan suna sulɓe mata, tana tara su a murfin kwano tana ƙirgawa, tana rigima da ƙaninta a kan wanda ya fi yawa. Kada a zubar da 'ya'yan nan. A wanke a shanya, in damina ta sauka su shuka biyu ko uku a bayan ɗaki ko gindin katanga. Da can a karkara ana yanka wa yaro gayaunarsa ya noma abinsa. A birni buhun siminti cike da ƙasa da taki ya isa gayauna, ya ɗauki alayyahu ko yakuwa.

Launin nan na cikin kabewa shi ne dukiyarta. Daga shi jiki ke ƙera sinadarin bitamin A, wanda ke kare ido daga dundumi, ya ƙarfafa yaro a kan ƙyanda da gudawa. Shi ne dai sinadarin da ke cikin ƙwayar nan ja ko shuɗiya da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 a baki sau biyu a shekara. A ci gaba da kai su a ɗiga musu, miya ba ta hana wannan ba. Karas da koren ganye da manja su ma suna ɗauke da shi. Sai dai hanji ba ya iya tsotse shi sosai sai da maiƙo, shi ya sa haɗa kabewa da gyaɗa da manja a tukunya ɗaya ya zama dabara mai kyau ƙwarai, ko da kakanninmu da suka fara haɗawa ba su san sunan sinadarin ba. A nan zan ja hankali a kan manja. Soya shi har ya yi hayaƙi ya koma fari yana ƙone abin da ake nema a cikinsa. A narka shi kawai, a jefa albasa, a ci gaba.

Gyaɗa kuma a ba 'yan shekara 6 zuwa sama. A zuba a faifai ko tire su zauna su tsince. Wannan aiki ne da nake so a ɗauka da muhimmanci. Gyaɗar da ta sha danshi a gona ko a rumbu tana yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ƙwayoyin da suka fi ɗauke da ita su ne waɗanda suka motse, da masu baƙi ko kore-kore, da waɗanda ƙwaro ya huda, da masu ɗaci. Tsince su da hannu yana rage gubar ƙwarai. Idon yaro ya fi namu kaifi a wannan aiki. Ki ɗauko lafiyayya ɗaya da ruɓaɓɓiya ɗaya ki ajiye masa a tafin hannu ya gwada, daga nan shi zai riƙa kama waɗanda suka kuɓuce miki. Waɗanda aka tsince a zubar, kada a ba kaji ko awaki. Dalilin da ya sa na ce manya ne za su yi wannan shi ne ƙwayar gyaɗa tana shaƙe ƙaramin yaro. Ɗan ƙasa da shekara 5 a ba shi ita a niƙe, cikin miya ko kunu. Idan kuma yaro ya ci gyaɗa sai leɓensa ya kumbura, ko jikinsa ya feso da ƙuraje, ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti za a nufa nan take.

Bayan tsinta sai a ɗan soya sama-sama, su murje ɓawon da tafin hannu, su hure, sannan a daka. Ƙaramin turmi na yaji ya dace da su. Su daka gyaɗa, su daka daddawa, su toshe hanci suna dariya. Attarugu dai ba nasu ba ne. Yaron da ya taɓa shi sai ya kai hannu ido, kuma ranar girki ta ƙare da ihu. Ɗanyen nama ma ke za ki wanke ki yanka, ki wanke wuƙa da katako da sabulu kafin su taɓa wani abu.

Sai a ɗora sanwa. Ƙashi da albasa da daddawa su fara shiga, su dahu har romon ya yi daɗi. A zuba jajjagen tumatir da tattasai da manjan, a bar su su nuna har tsamin tumatir ya mutu. Sai kabewa, ta yi minti 15 zuwa 20 har ta yi luguf. A nan akwai aikin yara kuma: ki tsamo yankan kabewar a kwano, ki kai musu tabarma, ki bari ta sha iska, su farfasa ta da bayan ludayi, ki mayar tukunya. Mai jaririn da ya wuce wata 6, wannan ne lokacin ɗibar masa rabonsa, in an dafa kabewar kafin a sa gishiri da yaji. A dama masa da ɗan niƙaƙƙiyar gyaɗa dafaffiya, ya ci tare da nono. Daga nan a dama gyaɗar da ruwa a zuba, a rage wuta, a riƙa juyawa don tana kamu, har ta yi minti 10 zuwa 15 mai ya fara tasowa. Ganye ne ƙarshe. Yakuwa ta riga shiga da kaɗan, alayyahu ya biyo, minti 5 ya ishe shi. A sauke yana kore. Ganyen da ya dahu har ya yi baƙi-baƙi ya rasa da yawa daga abin da aka saye shi dominsa, kuma yara sun fi ƙin sa.

Na san iyayena na sahun gaba suna jira su ji ina kanwa. Kanwa tana kashe tsamin yakuwa, tana sa ganye laushi da wuri, gaskiya ne. Amma tana lalata bitamin C da wani ɓangare na bitamin B, kuma bitamin C ɗin nan shi ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga ganye da gyaɗa. Ƙasar da binciken 2018 ya nuna kusan yara bakwai cikin goma na da ƙarancin jini bai kamata ta yi wasa da wannan ba. In tsamin ne damuwa, a rage yakuwa a ƙara kabewa, zaƙinta zai danne shi. Saboda wannan dalili ne kuma ba na son a ba yaro ruwan shayi a kan abinci, domin ganyen shayi yana hana sinadarin ƙarfen shiga jiki. Lemu ko gwaiba ko mangwaro bayan cin abinci sun fi.

Dunƙulen ɗanɗano kuwa, kusan rabinsa gishiri ne. Babba bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a rana ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, na yaro kuma ƙasa da haka. Ban ce a daina ba, na san ba za a ji ni ba. Amma tukunyar da aka sa wa shida tana iya zama da biyu idan daddawa ta ji. Ko ta kalwa ce daga 'ya'yan ɗorawa, ko ta batso da ake yi da gurguzun yakuwa, tana ba da ɗanɗano kuma ita kanta abinci ce mai gina jiki. Harshen yaro da abin da aka saba masa yake tashi. A ba shi cokali ya ɗanɗana bayan an fifita, a tambaye shi: "Me ya rage?" Sau da yawa zai ce ba komai, a daidai inda ke kike shirin ƙara gishiri. Yaji ma haka. A jefa attarugu ɗungurungum don ƙamshi a tsame shi, ko a ɗebi miyar yara kafin a sa, manya su ƙara dakakken yaji a kwanonsu.

In rani ya tsananta kayan miya suka yi tsada, tsarin bai canza ba, ganyen ne ke canzawa. Masu tunawa da 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, sun san yadda aka koma wa kauɗa. Zogale yana nan kusan duk shekara, kuma tsinke shi daga karansa aiki ne da ɗan shekara 4 zai zauna ya yi har ya manta da ƙiriniya. Akwai rama, akwai lalo, akwai tafasa da gasaya da yaɗiya waɗanda yaran birni yanzu ba sa iya bambancewa da ciyawa. In za a busar da ganye, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, rana tana cinye launinsa da amfaninsa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce hujjar duk uwar da ke korar yara daga madafi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Murhunmu a ƙasa yake, ko na duwatsu uku, ko kurfoti, ko ƙaramin gas mai tukunya a ka, duk daidai tsayin mai rarrafe. Shi ya sa na ce tabarma nesa da wuta. Ki ja layi da gawayi a ƙasa ki ce ba mai tsallakewa sai ke. Yara suna girmama irin wannan doka fiye da tsawa, musamman in an ɗora wa babbansu kula da ita. Kada a juya miya da goyo a gaba, kada a sauke tukunya mai zafi a ajiye a hanya, kada a bar su a cikin hayaƙin itace a rufaffen ɗaki. Sai yaro ya kai wajen shekara 9 ko 10 zai fara juya tukunya da riƙe wuƙa mai kaifi, kina tsaye a kansa. In tsautsayi ya faɗa aka ƙone, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja, ban da gishiri, ban da ƙanƙara. Duk ƙara ɓata ciwon suke yi.

To iyaye maza, ga rabonku. Duk abin da na faɗa ban ce 'ya'ya mata kaɗai ba. Na san abin da ake ce wa yaron da aka gani yana gyaran alayyahu, kuma galibi daga bakin maza maganar ke fitowa. Amma mai shayin da kuke zama a bencinsa namiji ne, mai tsire namiji ne, masu dafa abinci a manyan otal maza ne. Ɗan naku zai je makarantar kwana, zai je jami'a, zai je hidimar ƙasa a garin da ba mai tuƙa masa tuwo. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da shaidar cewa Annabi yana taya iyalinsa aikin gida. A ɗaya ɓangaren kuma, kada wani ya ɗauki laccar nan hujjar sakar wa 'yar shekara 9 girkin gida gaba ɗaya, ta makara makaranta, ta yi gyangyaɗi a aji, yayyenta maza suna ƙwallo. Wannan bauta ce, kuma yarinyar da aka yi wa haka tana tashi da ƙin madafi.

Abin da nake roƙonku abu biyu ne masu sauƙi. In za ku cefane ku ɗauki yaro ɗaya, ku bar shi ya zaɓi kabewar, ya ɗaga ya ji nauyinta, ya ji yadda ake ciniki. In an sauke kuma, ko sau ɗaya a mako ku zauna ku ci tare da su, ku ɗebi ganyen su gani, ku tambayi wa ya daka gyaɗar nan. Uwa kuma ta juya tukunya har ƙasa kafin ta zuba wa yara, su sami mai kaurin, a daddatsa musu naman ƙanana a cikin nasu kwanon. A zuba kaɗan, wanda ya cinye ya nemi ƙari. Wanda ya ƙi, a ce ya lasa ko sau ɗaya, a ƙyale shi ba zagi ba gori, kada kuma a tashi a dafa masa wani abu daban. Mako mai zuwa a sake ba shi robar wankin ganye.

Abin da ya yi saura kada a bar shi a buɗe. Miyar gyaɗa ba ta jure zafin garin nan, 'yan awoyi kaɗan sai ta fara kumfa. Mai firji da wuta ta sa da zarar ta huce. Wadda ba ta da shi ta tafasa ta da dare ta rufe, kada a sake sa ludayi, da safe a sake tafasawa har ta yi ɓararraka kafin a ba yara ɗumame. In ta canza wari ko ta yi yauƙi, a zubar, kada a ce za a gyara ta da wuta.

Shugaban taro, nan zan dakata a ba masu tambaya dama, na ga wata Hajiya tun ɗazu ta ɗaga hannu a kan maganar kanwa.